Zaren Inna

Talata, 1 ga Afrilu, 1975, da hantsi

Na dawo gida hutu. Ba ni da wanda zan gaya wa magana, shi ya sa na ɗauko ragowar littafin makaranta nake rubutu a ciki.

Tun a zaure Inna ta cafke dantsena kafin ta amsa sallamata. Zaren take dubawa. Tun ina jaririya take ɗaura mini baƙin zare a dantsen hagu, duk Juma'a sai ta gwada cusa yatsa a ƙarƙashinsa. In yatsa bai shiga ba, ta yi hamdala. In ya matse har ya fara cin fata, ta yanke ta ɗaura wanda ya fi shi, ranar kuwa har waƙa take yi a madafi. Ni 'yar wabi ce. Huɗu Inna ta haifa kafin ni, huɗun duka aka fita da su naɗe a tabarma, kuma ta ce kowannensu da rama ya fara. Sunana na yanka Barakatu, amma a gida Ayashe ake kirana, wai don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ni ba. Ban san wa ake ruɗi ba. Duk Kontagora babu yarinyar da aka damu da cikinta kamar ni.

"Sun rage mini ke," in ji Inna. "Wai me suke ba ku a makarantar nan?"

Sun rage mata ni! Ni da sai da aka tayar da mutum biyu daga benci kafin na sami wurin zama a mota.

Ta zubo mini masa cike da akushi, da miyar taushe, man gyaɗa na iyo a kai. Na cinye tas.

Ƙarshen watan nan za a koma makarantar kwana. Shekara biyu suka rage mini in karɓi takardar koyarwa, kuma ina sonta kamar raina. Amma na rantse ba zan sake shiga ƙofar makarantar nan da wannan jikin ba, bayan abin da ya faru ranar wasanni.

Laraba, 2 ga Afrilu, da azahar

Zafi. Ban fita ba. Cinyoyina sun goge har sun yi ja.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da la'asar

Matan unguwa sun shigo yi mini sannu da zuwa. Gwaggo Fure, maƙwabciyarmu, ta juya ni gaba ta juya ni baya kamar za ta saya.

"Tubarkalla! Ruka, kin iya kiwo. Dubi wuya, dubi kumatu. Bayan farin da aka sha, wa ya ga irin wannan a gidan marayu? Allah Ya kau da idon maƙiya."

Inna ta sunkuyar da kai wai kunya, amma na ga bakinta ya ƙi rufuwa. Tun da Baba ya rasu, masar da take soyawa a ƙofar gida ce cinmu da suturarmu, kuma ni ce shaidar da take nuna wa duniya cewa ba ta gaza ba.

A nan ana tafa mini, a can ana yi mini dariya, kuma jikin ɗaya ne. Da suka tafi na shiga ɗaki na jawo kwanon ƙuli-ƙuli daga ƙarƙashin gado. Ba yunwa nake ji ba. Na daɗe ban san yunwa ba. Wani abu ne yake taso mini ya tokare ƙirji, in ina tauna sai ya lafa, in na daina ya dawo da ɗan'uwansa.

Juma'a, 4 ga Afrilu, da hantsi

Yatsa bai shiga ba. Inna ta yi hamdala.

Litinin, 7 ga Afrilu, da la'asar

Salome ta zo. Ajinmu ɗaya, gadonta na jikin nawa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin kwananmu da ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai nawa. Daga Tungan Magajiya suka shigo gari sayayya ita da gwaggonta Marta, mai aikin jinya.

Muna shiga ɗaki ta fara.

"Barakatu, an manta fa. Waɗanda suka saki igiyar a wasan jan igiya har kika faɗi an hukunta su, har aka yi hutu suna yankan ciyawa."

Na ce ta bari.

"Siket ɗin da ya yage ma na ɗinke miki, ga shi na kawo. Ba a ganin wurin. Su kuma 'yan makarantar maza, ai baƙi ne, sun tafi, ba su ma san sunanki ba."

"Salome, don Allah na ce ki bari."

Ta bari. Ta ajiye siket ɗin a kan gado, ban taɓa shi ba.

Da na fito raka su, Marta ta tsaya tana kallona. Ta ce, "'Yata, daga ɗaki zuwa zaure kike wannan haki?" Ta duba wuyana inda ya yi baƙi, ta matsa ƙafata, ta tambaye ni gwiwa. Na ce gwiwa kam tana ciwo tun bara. Ta ce a shekara goma sha shida bai kamata ba. Ta ce in raba tuwona biyu, in bar soye-soye, in riƙa tafiya da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma kada in sa rai da ganin canji a sati ɗaya.

Sai ta yi kuskure, ta juya ta gaya wa Inna.

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Baiwar Allah, kin taɓa binne ɗa?"

Marta ta ce, "Biyu."

"Ni huɗu. Ku gaida gida."

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Na fita bayan sallar asuba, na ce wa Inna iska zan sha. Na bi hanyar rafi har gindin mangwarorin nan, na dawo. Ƙirjina kamar zai tsage, amma rabon da in ji daɗin wani abu da ba ci ba har na manta. Akwai wata tsuntsuwa mai jan baki da ta yi ta bina daga reshe zuwa reshe.

Tuwon daren jiya na raba shi biyu. Inna ba ta barin kwano ya dawo da saura, don haka rabin na zagaya bayan ɗaki na ba akuyarta.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na sake fita. Akuya ta sake cin rabonta.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da azahar

Jiya na makara, na yi kiciɓis da yara masu ɗibar ruwa. Wani mai ɗan kai kamar gwanda ya ɗaga murya, "A kauce, a kauce, gingimari ta taso ba birki!" Sauran suka bi ni suna yin ƙarar hon da baki. Wani dattijo a kan keke ya tsawata musu, amma shi ma yana wucewa na ji ya tuntsire da dariya.

Irin dariyar nan ce. Iri ɗaya sak. Ina jinta sai na ga farin layin da aka ja a fili, da rumfar manyan baƙi, da sama a bisa kaina. Ba zan rubuta ba.

Yau kuma Gwaggo Fure ta leƙo ta katanga ta tambayi Inna ina budurwa take zuwa da duku-duku ita kaɗai. Kafin azahar magana ta kai kunnen Bappa Jumare, ƙanen Baba, wanda yake tsaye a kanmu. Ya zo ya tsaya a zaure, bai ko zauna ba.

"Ayashe, kada in sake jin an gan ki a hanyar rafi. Yawon asuba ba na 'yar mutunci ba ne."

Shi ke nan tafiya ta ƙare. Ban yi gardama ba, don gaskiya ni ma ba na son sake haɗuwa da yaran nan.

Yatsa bai shiga ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Ashe haka yunwa take. Tun asuba Inna take ɗora tanda, ƙamshin masa ya cika gidan har cikin matashin kaina. Wanda bai kwana a gidan mai masa ba, kada ya ba ni shawarar haƙuri. Ta kawo mini, na ci biyu, sauran na naɗe a zane.

Akuyar nan har ta fara sheƙi. In ta hango ni sai ta hau kuka kamar ta ga uwarta. Ita za ta tona mini asiri.

Talata, 15 ga Afrilu, da la'asar

Kaina na ciwo. Na yi wa Inna tsawa a kan tsintsiya. Na ba ta haƙuri.

Laraba, 16 ga Afrilu, da azahar

Na kulle ƙofa na gwada siket ɗin. Salome ta iya ɗinki, amma ni na san wurin, hannuna ya tafi kansa kai tsaye. Ƙugiyar ta kusa kamawa. Saura kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu. Na zauna a bakin gado ina dariya ni kaɗai, sannan na yi kuka. In na daure zuwa ƙarshen wata, wataƙila. Ba wai zan zama siririya ba, ni ma ba mahaukaciya ba ce. So nake kawai in shiga aji a ce Barakatu ta rage, ya zama akwai wata magana sabuwa a kaina.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da la'asar

Yatsa ya shiga.

Inna ta zaro shi, ta sake cusawa, ya sake shiga. Ta sulale ta zauna a ƙasa, a tsakar gida, cikin rana. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar an watsa mata toka.

Na ce, "Inna, lafiyata ƙalau. Ko zazzaɓi ba na yi."

"Haka Ɗanjuma ya yi," in ji ta. Ɗanjuma shi ne wanda nake bi, ba ta taɓa kiran sunansa a gabana ba sai yau. "Yana wasansa, yana dariyarsa. Juma'ar farko yatsa ɗaya. Ta biyu, yatsu biyu. Ta uku zaren ya zamo da kansa har gwiwar hannu. Ina kallo fa, Ayashe. Ina zaune ina kallo, babu abin da ban ba shi ba."

Na so in ce mata shi yaye aka yi masa, ni kuwa na isa aure. Na so in ce mata abin da Marta ta ce game da ƙafata.

Kafin la'asar ta yanka kaza, ta aika an karɓo rubutu, ta dama fura da nono har da man shanu. Rubutun na sha.

Asabar, 19 ga Afrilu, da almuru

Ta kama ni. Ina tsugune a bayan ɗaki, akuya ta sa kai a cikin akushi, sai na ga inuwa.

Na ɗauka duka zan sha, ko zagi. Da ma hakan ta yi. Ta tsaya tana kallon tuwon a bakin akuya, can ta ce a hankali, "Ashe da hannunki kike yi."

"Inna, makaranta nake son komawa. Ba ki san abin da..."

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba zan sake sa loma a bakina ba sai na ga kin cinye abin da na zuba miki. In tafiya za ki yi, sai dai in riga ki. Ba zan raka na biyar ba."

Lahadi, 20 ga Afrilu, da la'asar

Langa biyu a rufe a ƙofar ɗaki, tata da tawa. Na ci rabin tawa kamar kullum. Tata ba ta buɗe ba. Ruwa kawai take sha.

Na ce a raina, zuwa gobe za ta sauko. Wa zai iya soya masa da yunwa?

Litinin, 21 ga Afrilu, da azahar

Ba ta ci ba. Ni ma ban sauko ba. Taurin kan a wurinta na gado.

Litinin, da almuru

Na durƙusa na roƙe ta. Na ce kwana kaɗan ne ya rage, ta bar ni in kai ƙarshen wata. Ta ce, "Ga langarki can." Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ina jin haushinta, wallahi ina jin haushinta, kuma ina jin tsoro.

Talata, 22 ga Afrilu, da la'asar

Daga asibiti nake.

Ina ɗaki na ji ihun masu sayen masa. Jiri ne ya ɗebe ta tana juya masa, ta kifa a kan tanda, kwanon mai ya bi hannunta na dama tun daga yatsu har gwiwa. Ni ce ta ƙarshe da ta iso ƙofar gida, daga ɗakina zuwa zaure. Ko gudu ban iya yi wa uwata ba.

An wanke an naɗe. Bappa Jumare ya same ni a baranda, gaban mutane.

"Abin da aka tura ki koyo ke nan? Mace ta hana cikinta ta ba ki, ta hana jikinta sutura ta ba ki, ke kuma ki ɗauka ki ba dabba? Mutane na neman abin da za su ci, ke kina neman rama. In ta mutu sai ki sa rigar makarantar ki zo zaman makoki."

Matan da ke kan benci suna ta kallona, sama da ƙasa. Wata ta ce wa ta kusa da ita, "Wai ita ce ba ta cin abinci."

Laraba, 23 ga Afrilu, da azahar

An sallamo ta. Gwaggo Fure ta kawo tuwon shinkafa. Inna ta kawar da kai.

Na jawo kwanon gabana, na zauna inda za ta gan ni sosai. Na ci malmala ta farko, na ci ta biyu, na suɗe miyar. Tana ƙirga lomata da ido. Da na gama ta buɗe baki kamar jaririya, na ba ta kunu da ludayi.

Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka."

Alhamis, 24 ga Afrilu, da la'asar

Abin da ba zan iya gaya wa Salome ba shi ne, ya yi mini daɗi. Tuwon jiya ya yi mini daɗi har cikin ƙashi. Yau babu wanda ya rantse, babu wanda ya tsare ni da ido, amma na cinye kwanon ƙuli-ƙuli, na bi da dakuwa, na kankare ƙanzon tukunya a tsaye. Ina ci ina tsinar kaina, ina ƙarawa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da hantsi

Da hannun hagu ta gwada. Ta ce ya fara komawa. Ta yi barci har da minshari.

Asabar, 26 ga Afrilu, da azahar

Gobe motar 'yan makaranta za ta tashi daga tasha.

Bappa ya ce shi bai hana ni ba, amma in gaya masa wanda zai riƙe tanda, tunda hannun Inna sai bayan damina, in ma ya miƙe. Inna kuma ta ce, "In kin tafi, can za ki ci gaba inda ba na gani. Wa zai duba mini zaren?"

Na gwada siket ɗin. Ban ma kai ga ƙugiya ba.

Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi. Inna, Bappa, masu sakin igiya, yaran rafi. Kowa na ɗora masa sai ya zame. Kuma can ƙasan zuciyata akwai wata munafuka da take murna, don ba za ta sake wucewa ta gefen filin nan ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Salome ta zo da akwatinta a ka. Ban fito ba. Ina jinta a zaure.

"Inna, mota na jira. Na kama mata wuri a gaba."

"Ba ta jin daɗi, 'yar nan. Ku je, Allah Ya tsare."

Ta ɗaga murya. "Barakatu! Ko haka ki zo! Zan ba ki zanena ki ɗaura, in mun isa mu buɗe siket ɗin, mu ƙara masa ƙyalle. Barakatu, na san kina jina!"

Na danna fuskata cikin matashi. Ta daɗe tana kira. Can na ji Inna tana cewa Gwaggo Fure ta ƙunsa wa Salome ƙuli-ƙuli ta riƙe a hanya, wai yarinya duk ƙashi, kamar ba ta da uwa.

Litinin, 28 ga Afrilu, da azahar

Yanzu suna aji.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Na karɓi tanda. Inna na zaune a bayana a kan tabarma, hannunta a naɗe, tana gaya mini lokacin juyawa. Ashe na iya, ido ya daɗe yana koya. Duk wadda ta ƙone ko ta fashe, sai ta ce kada a yi asara, in jefa a baki. Da yawa suna fashewa.

Zaman ya fi mini sauƙi, ba na ɓoyewa. A bayan tanda babu mai yi mini dariya. Mai masa ai da ma haka ake son ganinta.

Wajen ƙarewar ƙullu wata yarinya ta tsaya, 'yar firamare, da allon kwali rataye a wuya da tawada a yatsu. Ban fi ta da shekara bakwai ba. Ta rusuna har ƙasa, ta miƙo kwanonta da hannu biyu.

"Ina kwana, Iya. A zuba mini masa."

Na waiwaya, na ɗauka da Inna take. Ni take kallo.

Na ce, "Lafiya lau, 'yata. Kawo kwanon."